Dodon Majigi da Dodon Bayan Ganuwa

A wani gidan kallo da ke Ƙofar Gayan a Zariya, ana cikin kallon fim ɗin Cloverfield, sai dodo ya fille kan mutum-mutumin nan na birnin New York, ya wurgo shi tsakiyar titi. Yara suka kaure da ihu da tafi. Wani dattijo a gefena bai ce uffan ba, sai da ƙura ta turnuƙe, mutane suka kutsa cikin wani kanti suna tari. "Ai wannan ranar 11 ga Satumba ce," in ji shi.

Ya canka daidai. A 2008 fim ɗin ya fito, miki bai warke ba tun harin 2001 da ya rushe tagwayen benayen New York, ya ci rayuka kusan 3,000. Har hoton ma rawa yake yi, kamar wanda mai gudun tsira ya ɗauka. A War of the Worlds na 2005 kuwa, Tom Cruise ya dawo gida fuska buɗu-buɗu da toka, tokar mutane. Japanawa sun riga Amurkawa: Godzilla na 1954, shekara tara bayan jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, gwajin bam ne ya taso shi daga teku.

Abin da ya faru da gaske ya fi ƙarfin ido. Dodo kuwa yana da kai da ƙafa, ana iya nuna shi da yatsa, in an kunna fitila kowa ya kama hanyar gida.

Mu ma a Zariya mun ɗanɗana. A Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, mutum sama da 20 suka rasu. A 2021 'yan bindiga suka shigo Ƙofar Gayan cikin dare, suka tafi da mutane. Dodon kuma ba sai mun aro ba. Tun muna ƙanana kakanninmu ke ba mu labarinsa: daga daji yake fitowa, ya ɗauke budurwa, ya haɗiye gari guda. Ko ba shi ke nan ba? Sai dai a tatsuniya ana farke cikinsa, jama'a su fito da ransu.

Kannywood ta fi karkata ga soyayya da rikicin kishiyoyi, an kuma ce kuɗin shirya fim ɗin dodo ne babu. Ban yarda ba. Godzilla na farko mutum ne ya sa rigar roba yana tattake gidajen wasa. Masu shirya fim, ga Dodo nan a gida, ku ɗauko shi.