Ƙurajen Cutar Korona Da Na Allurarta: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Cutar korona ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disamba 2019, aka tabbatar da isowarta Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020. An soma allurar rigakafinta a Nijeriya cikin Maris 2021. Ko da ya ke Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cikin Mayu 2023 cewa tsananin annobar ya wuce, cutar ba ta ƙare ba. Kowa ya san ta da zazzaɓi da tari, amma kaɗan ne suka san tana taɓa fata. To, tun da ya ke kuka da jita-jita wurin Hakimi su kan fara zuwa, ya kamata shi da malaminsa su san ƙurjin da za a yi wa haƙuri, da wanda za a gaggauta kai mai shi asibiti.

Abin da cutar ke yi wa fata

A 2020 likitocin ƙasar Sifen suka duba mutum 375 masu korona da ciwon fata, suka kasa abin da suka gani kashi biyar. Cikin kowane ɗari, 47 ƙananan ƙuraje ne masu kama da ƙyanda, 19 borin jini, 9 kuwa ƙuraje masu ruwa kamar ƙarambau. Waɗansu 19 yatsunsu na ƙafa ko na hannu suka kumbura suna zogi. Wannan ya fi samun samari da yara waɗanda cutar ba ta tsananta musu ba. Sauran 6, yawanci tsofaffi masu jin jiki ƙwarai, fatarsu ta yi zane kamar raga.

A lura, littattafan Turawa su kan ce wurin ya yi ja, alhali ja ba ya nunawa sosai a jikin baƙin mutum. A nan sai a ga wurin ya fi sauran jiki duhu, in an taɓa a ji tudu ko zafi. Haka kuma waɗansu gashinsu kan zube bayan wata biyu ko uku da warkewa. Ba sammu ba ne, wahalar zazzaɓi ce, ya kan kuma tsiro cikin 'yan watanni.

Abin da allura ke yi

Dattawa ba su manta da lambar agana ba, wadda ta kan kumbura ta bar tabo, amma da ita aka kawar da agana daga duniya a 1980. Allurar korona ma ta kan sa dantse ya yi tsami ya kumbura kwana ɗaya ko biyu, alamar jiki yana shirin kare kansa ne. Ta Moderna ta kan sa wa waɗansu ƙalilan kumburi mai faɗi da ƙaiƙayi bayan kamar mako guda, sa'an nan ya baje da kansa cikin 'yan kwanaki. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi sun isa.

Alamu uku da ba a kwana da su

1. Borin jini tare da kumburin leɓe ko harshe da sarƙewar numfashi, jim kaɗan bayan allura. Wajen 5 ne cikin allurai miliyan ɗaya, akwai kuma maganinsa nan take. Shi ya sa a ke zaunar da mutum minti 15 kafin ya tafi.

2. Ɗige-ɗigen jini ƙarƙashin fata nesa da wurin allura, tare da matsanancin ciwon kai, tsakanin kwana 4 da mako 4. An ga wannan jefi-jefi bayan allurar AstraZeneca da ta Johnson & Johnson. An janye ta AstraZeneca a 2024.

3. Yaro mai zazzaɓin da ya ƙi sauka, da ƙuraje, da jan ido, da tsagewar leɓe, da ciwon ciki, mako 2 zuwa 6 bayan korona ta shiga gidansu. Ta yiwu kuma ƙyanda ce. Ko wacce ce, likita ne zai rarrabe.

Aikin malamin Hakimi

In an kawo irin wannan magana, malami ya rubuta sunan mutumin da garinsa da shekarunsa, da ranar da aka yi masa allura da irinta, kamar yadda ke cikin katinsa, da ranar da ƙurjin ya fito. Ya aika wa ma'aikacin lafiya mafi kusa, domin Hukumar NAFDAC tana tara irin wannan rahoto. Kada a rubuta cewa allura ce ta jawo sai likita ya tabbatar, gama ƙazuwa da kirci suna nan tun kafin korona.

Ana roƙon Hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan takarda, su kuma hori jama'a kada a yi wa ƙurjin da ba a san kansa ba tsaga ko shafe-shafe. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.