Ƙwayar da ke Zama a Ciki Ta Ƙi Wucewa

Duk mai kemis a Makarfi, Ikara ko Hunkuyi ya san kukan masu ciwon suga: an ce su sha metformin sau 2 ko 3 a rana, amma manomin da ya shiga gonar rake tun da sassafe, ina zai tuna da ta rana? Laifin ba na mantuwa kaɗai ba ne. Jiki yana tsotse wannan magani galibi a farkon ƙaramin hanji, ɗan taƙaitaccen wuri. Idan ƙwaya ta wuce nan da sauri, ragowar maganin ba ta shiga jini sosai.

Shi kuwa ciki ba ya son baƙo ya daɗe. Idan babu abinci, kusan duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu yakan murɗa da ƙarfi, ya share abin da ya rage zuwa hanji. Masana harhaɗa magunguna suka ce to, a yi ƙwayar da za ta ƙi fita, ta zauna tana sakin magani kaɗan-kaɗan.

Dabara ɗaya ita ce kumbura. Ana cuɗa maganin da wani sinadari mai shan ruwa, da ya isa ciki sai ya tashi kamar garin kwaki da aka jiƙa, har ya fi ƙarfin ƙofar da ke kaiwa hanji. Haka Glumetza take, metformin ce da Amurka ta amince da ita a 2005, ana sha sau ɗaya tare da abincin dare. Wata dabarar ita ce yawo a saman ruwan ciki. Masu fama da ƙwannafi sun san Gaviscon: ana samo sinadarinsa daga ciyawar teku, idan ya haɗu da tsamin ciki sai ya yi kauri, kumfar iska ta ɗaga shi sama, ya tare tsamin kada ya hauro maƙogwaro. Kafson Madopar HBS na masu ciwon karkarwa ma yawo yake yi. Akwai kuma masu manne wa bangon ciki.

Wadda ta fi ban mamaki ta fito a 2016 daga jami'ar MIT, a hannun Robert Langer da Giovanni Traverso da abokan aikinsu. Kafso ne, amma da ɓawonsa ya narke sai wani abu mai hannaye 6 ya buɗe kamar tauraro. A gwajin da aka yi da aladu ya kai kusan mako 2 yana sakin ivermectin kafin ya kakkarye ya fita. Maganin ba baƙo ba ne a jihar Kaduna, shi ne Mectizan da aka daɗe ana rabawa saboda makantar da ƙudan kogi ke jawowa. Sauron da ya ciji mai wannan magani a jini yakan mutu, shi ya sa masu yaƙi da zazzaɓin cizon sauro suka sa masa ido. A yankin da fadamu suka yi yawa, wannan ba ƙaramin zance ba ne, sai dai har yanzu wannan kafso bai shigo kemis ba.

Abin da ya shigo hannun jama'a shi ne ƙwayoyi masu XR ko SR a jikin kwali, wato masu sakin magani kaɗan-kaɗan. Ba dukkansu ke zama a ciki ba, amma doka ɗaya ta haɗa yawancinsu: a haɗiye su ɗungurungum. Al'adar nan ta raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko daka wa tsoho ita a kunu, tana rusa ginin gaba ɗaya, maganin yini guda ya zubo a lokaci ɗaya. Masu kumbura kuma suna bukatar abinci ya riƙe su, don haka mai azumi ya tambayi likita ko lokacin buɗa-baki ya fi dacewa. Wanda ya ga wani abu kamar ƙwaya a bayan gida kada ya ce jabu aka sayar masa; sau da yawa ɓawo ne kawai, maganin ya riga ya shiga jini.