Sirius B

Sirius B farin wadan tauraro ne da ke kewaya Sirius A, tauraron da ya fi kowane haske a sararin sama da dare. Nisansu daga duniya tafiyar haske ce ta shekara 8.6. Farin wada shi ne ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare, ya tsuke ya dunƙule, kuma Sirius B ne mafi kusa da mu a cikin irinsu.

Ganowa da nauyi

An san da shi tun kafin a gan shi. A shekarar 1844 Friedrich Bessel na ƙasar Jamus ya lura Sirius yana kauce wa hanyarsa kaɗan-kaɗan, ya ce lallai akwai wani ɓoyayyen abu da ke jansa. Alvan Graham Clark ne ya fara hango shi a Amurka a 1862, yana cikin gwajin sabon madubin hangen nesa.

Taurarin biyu suna kammala zagaye ɗaya cikin kimanin shekara 50. Daga wannan lokaci da tazarar da ke tsakaninsu aka lissafa nauyin Sirius B, aka samu daidai yake da na Rana, har ya ɗan ɗara.

Zafi da girma

A 1915 Walter Adams ya rarraba hasken tauraron zuwa launuka, ya ga fari ne mai zafi. To amma Sirius A ya ninka shi haske kusan sau 10,000. Tauraro mai zafi da ya dusashe haka, dole ƙarami ne. A yau an san zafin fuskarsa ya kai digiri 25,000 a ma'aunin Kelvin, faɗinsa kuwa kusan kilomita 12,000, wato nauyin Rana cikin jikin da bai kai duniya girma ba.

Kuskuren 1925

A ka'idar Einstein, hasken da ya baro wuri mai ƙarfin janyowa yakan karkata zuwa launin ja, kuma ana auna karkatar da kilomita a daƙiƙa. Arthur Eddington ya yi hasashen kusan kilomita 20 ga Sirius B. A 1925 Adams ya auna, ya samu adadi kusa da haka, aka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe duka biyun kuskure ne. Eddington ya zaci zafin tauraron bai kai yadda yake ba, don haka ya ba shi girman da ba nasa ba. Shi kuwa Adams, hasken Sirius A ne ya gauraya da awonsa. Da yake adadin biyu sun dace, an daɗe ba a tuhume su ba. Sai a 1971 Jesse Greenstein da abokan aikinsa suka sake awo suka samu 89. Awon madubin Hubble da aka wallafa a 2005, wanda ya fi iya raba hasken taurarin biyu, ya ba da kimanin kilomita 80 a daƙiƙa.