Ightham Mote: Gidan Da Rashin Yawan Dukiya Ya Tsirar

A wani kwari mai yawan itatuwa kusa da garin Sevenoaks, cikin yankin Kent na kudu maso gabashin Ingila, akwai wani gidan masu gonaki da aka fara ginawa wajen shekarar 1340. Sunansa Ightham Mote. Gwalalo mai cike da ruwa ya kewaye shi ta fuska huɗu, har ruwan na taɓa gindin bango, sai ta gada ake shiga.

Yawancin gidaje sa'o'insa sun shuɗe. Idan iyali suka yi arziki sukan rushe tsohon gini su tayar da na yayi. Mazauna wannan gida kuwa masu rufin asiri ne, ba hamshaƙai ba, don haka kowa sai ya ɗan ƙara abin da ƙarfinsa ya kai, ya bar na magabata a tsaye. Shi ya sa mai zagaya ɗakunansa sama da 70 yake ratsa ƙarnuka daban-daban a yini ɗaya.

Ginin ya kewaye tsakar gida ne. Ƙasan bangon na dutsen yankin ne, samansa kuma a wasu sassa gumagumai ne aka giggitta, aka cike tsakaninsu da yaɓe. Babban zauren yana cikin sassan farko, kuma a nan maigida da barorinsa suke cin abinci a da. Richard Clement, bafaden da ya sayi gidan a 1521, ya sa an zana furen wardi, tambarin gidan sarautar Tudor, tare da rumman, alamar Sarauniya Catherine ta Aragon, matar Sarki Henry na Takwas, don kowa ya san inda biyayyarsa take. Iyalin Selby sun riƙe gidan daga 1591 zuwa 1889. Wanda ya karɓa daga hannunsu, Thomas Colyer-Fergusson, ya gina wa karyarsa Dido ɗaki a tsakar gidan, wanda shi ma yau yake ƙarƙashin kariyar doka.

Saura ƙiris gidan ya salwanta a 1951, lokacin da aka sa shi a kasuwa, ana ta maganar rushe shi. Wasu mutum uku 'yan yankin suka haɗa kuɗi suka saye shi, har aka samu Charles Henry Robinson, ɗan kasuwa daga Amurka, ya karɓa a 1953. Da ya rasu a 1985 sai ya bar wa ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, gidan cikin wasiyyarsa.

Ƙungiyar ta tarar danshi da ƙwari sun cinye katako. Daga 1989 zuwa 2004 aka yi ta kwance gidan sashe-sashe, ana rubuta bayanin abin da aka ciro, a gyara, a mayar da shi mazauninsa. Aikin ya ci kimanin fam miliyan 10.

Gidan yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen tarihi na Ingila, matakin da ake ware wa mafi daraja. Laifi ne a sauya fasalin irin wannan gini ba tare da izinin hukuma ba. Sai dai doka hana rushewa da sauya fasali take yi. Toshe yoyon rufi da yashe gwalalo kuwa sun dogara ne ga kuɗin 'yan ƙungiya, da gudummawa, da tikitin masu ziyara.