Ranar Da Baffana Ya Zama Jagora A Gidan Makama

Bayan an gama kaka a bara, wata ranar Asabar da hantsi, na isa gidanmu na gado a wani ƙauye da ke yankin Dambatta, na tarar da ɗan gwangwan a ƙofar gida ya kafa sikelinsa. A gabansa an zube tsohuwar garmar kakanmu, da magirbi, da bakin sungumi, da wata tasar tagulla da kakarmu ta zo da ita ɗakin aure. Baffana, ƙanin mahaifina kuma babba a gidan yanzu, yana tsaye yana jiran a faɗa masa nauyi a biya shi. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na roƙe shi ya dakata. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, me za a yi da tsohon ƙarfe? Ko kuɗin buhun takin zamani ba zai kai ba, balle a ce ajiyarsa za ta amfani wani."

Na rasa amsar da zan ba shi, alhali kuwa tarihi nake koyarwa a makarantar sakandare. Abin da kawai ya zo mini shi ne in nemi alfarmar ya ba ni yini guda, in kai shi birni ya ga wani wuri. Idan mun dawo bai sauya ra'ayi ba, ni da kaina zan kira masa ɗan gwangwan. Ya yi dariya ya amince.

Wurin da na nufa shi ne Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke daura da fadar Sarkin Kano. Na sha kai ɗalibai can, amma kullum cikin cincirindo, yara sittin ko saba'in suna turereniya, mai bayani yana ɗaga murya, kafin a ankara an fito. A wannan karo na nemi wani ma'aikacin gidan ya zagaya da mu mu kaɗai, a ranar da babu cunkoso. Mu uku ne: ni, da Baffa, da 'yata mai shekara 12, wadda yake tsokana da sunan amaryarsa.

Mun bar gida da sassafe. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dambatta zuwa Kano ya san kamannin ƙasar nan. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye, babu daji ko saura sai itatuwan da manomi ya bari da gangan: gawo, da kuka, da ɗorawa, da tsamiya. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya shafe shekaru tun daga wajen 1960 yana nazarin wannan yanki da ya kewaye birnin Kano. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki: kashin dabbobi, da toka, da sharar birni da ake ɗebowa a mangala bisa jakuna, bayan an kai wa birnin itace da hatsi. Da na ba Baffa wannan labari a mota, cewa ya yi ashe sai da aka zo daga Ingila kafin a gano abin da jakinsu ya sani.

Jagoranmu matashi ne mai natsuwa. Ya tarbe mu a ƙofa, ya rusuna ya gaida Baffa, ya fara da ginin kansa. Ya ce bisa labarin da aka gada, an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463 ya yi mulki har 1499. A zamaninsa aka gina Gidan Rumfa, aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma Shehu Al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Yanzu gidan yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Ya sa muka ɗaga kai muka dubi rufin soro, ya nuna mana yadda magina suka tanƙwara azara da ƙasa suka fitar da bakan gizo, da yadda kaurin bango yake riƙe sanyi ko da rana ta take.

A nan na fara ganin amfanin jagora na musamman. Da ni kaɗai na shiga, da na wuce tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa na ce ƙarfe ne da katako. Shi kuwa ya tsayar da mu a gabansu, ya sa muka kwatanta birnin da ake rufewa da almuru, da Sarkin Ƙofa mai riƙe da makulli, da fatake da manoman da dare ya yi wa a waje. Ya kai mu ga sulke da lifidi da kwalkwali, ya bi da mu ta jihadi, ya tsaya a kan Basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Daga nan ya zo kan ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da rundunar Kanar Morland ta shiga Kano alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Duk tambayar da 'yata ta yi, ya tsaya ya amsa, domin babu wani ayari a bayanmu da ke jiran mu matsa. Da ya ji daga Dambatta muke, sai ya tuna mana cewa Sarkin Bai, na gidan Dambazawa, yana cikin masu zaɓen sarki guda huɗu, tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta.

Duk wannan Baffa yana bi a hankali, hannu a baya, yana gyaɗa kai irin na baƙon da ba ya son ya ɓata wa mai masauki. Sai da muka shiga ɓangaren sana'o'i. Jagora ya nuna kayan noma ya ce waɗannan su ne mutanen da suke amfani da su. Baffa ya tsaya cak. Ya ce, "Ɗan nan, waɗanne mutanen da? Da irin wannan na yi huɗa a daminar da ta wuce."

Jagoran bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, to ka ƙara mana sani." Abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi kyau da na taɓa halarta. Baffa ya bambance mana garma da fartanya da sungumi, ya faɗi wacce ake huɗa da ita, da wacce ake noman firi da maimai, da wanda ake saran shuka da shi ana tafe a tsaye yara suna biye suna zuba iri. Ya ce daga lanƙwasar ƙota ake gane ko ƙasar mai ita jigawa ce ko laka. Ya bayyana dalilin da ya sa ake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin idan ruwa ya ɗauke da wuri geron ya riga ya nuna, idan kuma ya zarce dawa ta samu, harawar wake kuwa ita ke riƙe dabbobin da ke ba da taki. Ya ce manomin kirki ba ya sare gawo, saboda yana kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi wa ƙasa taki. Da muka zo kan kayan saƙa ya nuna ƙoshiya, ya ce da rani mahaifinsa a bakin masaƙa yake wuni, mata suna kaɗi da mazari, a kai sawaye marina, daga nan sai Kurmi.

Jagora ya ɗora da cewa Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Baffa ya ce ai kuwa a ƙauye aka noma audugar, a ƙauye aka saƙa mafi yawanta. Haka da muka tsaya a gaban hotunan dalar gyaɗa. Jagora ya yi bayanin isowar jirgin ƙasa a 1911 da rawar da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka taka. Baffa ya matsa kusa da hoton, ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce wa 'yata, "Amaryata, a cikin waɗannan akwai gumin kakanki. Sai dai ba a rubuta suna a jikin buhu." Na lura jagoran ya ciro takarda yana rubuta wasu daga cikin kalmomin da Baffa yake faɗi.

Wannan magana ta buhu marar suna ta tuna mini da abin da na karanta game da Rumawa. A shekarar 1471, daidai lokacin da Rumfa yake kan gadon sarautar Kano, Fafaroma Sikstus na Huɗu ya bai wa mutanen birnin Rum kyautar wasu tsofaffin kayan tagulla. Daga wannan kyauta gidan tarihi na Kafitolin ya samo asali, aka buɗe shi ga jama'a a 1734. Yau mutane suna tasowa daga ko'ina a duniya, suna biyan jagora na musamman ya bi da su ɗaki ɗaki. Mafi yawan abin da ake nuna musu siffofin sarakuna ne da jarumai, abin da mu addininmu da al'adarmu ba su ɗora mu a kai ba. Amma a cikin abin da Rumawa suka bari akwai muryar masu aikin hannu. A bakin wata tsohuwar ƙofar birnin har yanzu akwai kabarin wani mai gidan burodi da ya haura shekara 2,000, an sassaƙa a jikinsa yadda ake niƙa, da kwaɓi, da gashi, da awo. A garin Maktar na ƙasar Tunisiya, yankin da ya daɗe yana ciyar da birnin Rum da alkama, an samu dutsen kabarin wani ɗan ƙodago. Rubutun da ke jiki ya ce an haife shi a gidan talauci, ya yi kaka 12 yana girbi a gonakin mutane, ya yi shekara 11 yana shugabantar magirba, har ya mallaki gida da gona ya zauna a majalisar garinsu. Dutsen yana gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, masana suna ta nazarinsa.

Manomin arewacin Kano bai bar dutse mai rubutu ba. Tarihinsa yana cikin bakin garma, da jikin rumbu, da sunayen gonaki da rijiyoyi, da ƙwaƙwalwar tsofaffi irin Baffa. Dukansu kuwa suna tafiya a kan idonmu. Ƙarfen yana bin ɗan gwangwan, rumbun ƙasa yana rushewa, gonakin da ke kusa da birni ta wajen Ungogo da Dawanau ana yanka su filaye, gandu yana tsagewa da rabon gado har ya koma ɗan abin da ba ya ciyar da gida. Tsofaffin kuma Allah Yana karɓar abinSa ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron da bai san yadda kakanninsa suka riƙe ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba, shi ne zai yarda idan aka ce masa bai gaji komai ba sai talauci.

Saboda haka ina da shawara, kuma ba mai tsada ba ce. Iyaye da malamai su riƙa kai yara gidajen tarihi a ƙananan rukunoni, su nemi jagora, su kuma kyautata masa, domin iliminsa sana'a ce kamar kowace. Duk mai zuwa ya ɗauki dattijo guda daga ƙauyensu ya tafi da shi. Masu kula da gidajen tarihi su ware rana ko sau ɗaya a wata, su gayyato tsofaffin manoma da maƙera da masaƙa da marina su zauna kusa da kayan sana'arsu su yi bayani, a naɗi muryoyinsu. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bici, Minjibir da maƙwabtansu za su iya ware ɗaki ɗaya a makaranta ko a ƙofar fada, inda kowane gida zai ajiye abin da ya gada, a rubuta sunan mai shi da ƙauyensa da aikin da ya yi da shi. Mu malamai kuma, wayar da ke aljihun ɗalibanmu ta isa a ba su aikin hutu: kowa ya naɗo hirar minti 30 da kakansa ko kakarsa.

Ɗakin ƙarshe da muka shiga shi ne na amarya, da jerensa na ƙorai da tasoshi. 'Yata ta nuna wata tasa ta ce, "Kaka, ga irin wadda ka so ka sayar." Baffa bai tanka ba. Da za mu fito ya riƙe hannun jagoran ya sa masa albarka, ya ce idan Allah Ya kai mu damina ya zo ƙauye a nuna masa sauran da ba a kawo nan ba.

A hanyar komawa bai yi maganar ɗan gwangwan ba, ni ma ban tayar ba. Bayan mako biyu na koma gida, na tarar an goge garmar an shafa mata man gyaɗa, an rataye ta a zaure tare da magirbi da bakin sungumin. A ƙarƙashinsu an liƙa takarda da rubutun ajami na Baffa, ɗauke da sunan kakanmu, da sunan maƙerin da ya ƙera garmar, da sunan gonar da ta noma. Tasar kuwa ya bai wa amaryarsa, ya ce ta ajiye har ranar da za a yi mata jere.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.