Layin Shekara 17: Masu Jiran Biza Ta Hanyar Dangi a Amurka

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wani lungu na dokar shige da fice ta Amurka, lungun da ya raba iyalai da dama ba tare da an ji ƙararsa ba. Magana ce ta mutumin da ɗan'uwansa ya cike masa takardar ƙaura zuwa Amurka, ya shiga layi, sai wannan takarda ta zame masa cikas a duk ranar da ya nemi bizar ziyara ta 'yan makonni.

Bari mu fara da layin. Ba'amurke ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad, yana da damar cike fom mai suna I-130 don ɗan'uwansa ya biyo shi. Idan mai cikewar ɗan ƙasa ne, kuma yana nema wa matarsa ko mijinta, ko iyayensa, ko 'ya'yansa da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, doka ba ta ƙayyade adadi ba. Sauran dangi kuwa an sa musu iyaka. Tun dokar 1990, guraben da aka saba bayarwa a shekara su ne 226,000, kuma daga ciki 65,000 ne rabon yayye da ƙanne na duniya baki ɗaya. Sannan ba a barin ƙasa ɗaya ta wuce kashi 7 cikin 100. Shekara talatin da 'yan kai ke nan majalisar dokokin Amurka ba ta ƙara ko gurbi ɗaya ba, alhali masu jira sun doshi miliyan 4.

Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layi ya kai. A 2025, yayye da ƙannen da ake kira daga yawancin ƙasashe su ne waɗanda aka shigar da takardunsu a 2007 da farkon 2008. 'Yan Meksiko kuwa ana kan na 2001. Ku lissafa da kanku, masu sauraro: jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka cike takardar ya isa aure kafin a kira mahaifinsa.

(Gajeren kiɗa)

To ina matsalar take shafar ziyara? A nan ne sashe na 214(b) na dokar ya shigo. Wannan sashe ya ɗora wa jami'in biza ya ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin wanda ke da niyyar zama, har sai shi mai neman ya gamsar da shi cewa zai dawo gida. Hujjar tana wuyan mai nema: aikin yi, kasuwanci, iyali, gida, duk abin da zai janyo mutum ya koma. A cikin fom ɗin DS-160 da ake cikewa ta intanet kuma akwai tambaya ƙarara: shin an taɓa cike maka takardar ƙaura?

Ku ɗauki misalin wata malamar makaranta a Kumasi ko a Kaduna, wadda yayanta ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawan zango, suke da yawa. Shekara goma da suka wuce ya cike mata takarda. Yanzu zai aurar da 'yarsa ta fari, yana son gwaggon amarya ta halarta. Ta biya dala 185, ta jira ranar ganawa, ta tsaya gaban gilashi na 'yan mintoci. Jami'in ya duba kwamfuta, ya ga a rubuce cewa wannan mata tana son komawa Amurka da zama wata rana. Ya miƙo mata takardar ƙi. Ba a ɗaukaka ƙara, ba a mayar da kuɗi. Sai dai ta sake biya, ta sake nema.

Gaskiyar magana, doka ba ta ce mai takardar ƙaura ba zai samu bizar ziyara ba. Akwai masu samu, musamman waɗanda suka taɓa zuwa suka dawo a kan lokaci, ko masu tsayayyen aiki. Kuma jami'in ba don mugunta yake yi ba, akwai waɗanda suka shiga da sunan ziyara suka maƙale. Amma abin da ke ci mini rai shi ne, wanda ya yarda ya jira shekara 17 ya riga ya nuna shi mai bin ƙa'ida ne. Da hanyar bayan gida yake so, da tuni ya bi ta. Kuma idan ya wuce wa'adin ziyararsa ya zauna ba bisa ƙa'ida ba, shi ne zai jefa layin da ya daɗe yana riƙe cikin haɗari. Haƙurin da ya kamata ya zame masa shaida, shi ake juyawa ya zama abin zargi.

Kada kuma wani ɗan kamasho ya ruɗe ku da cewa ku ɓoye takardar. Bayanan suna gaban jami'in. Ƙin biza a ƙarƙashin 214(b) na wannan karon ne kawai, amma wanda aka kama da ƙarya ana iya haramta masa shiga ƙasar har ƙarshen rayuwarsa, ya yi asarar ziyarar da ƙaurar gaba ɗaya.

Jiran ma ba shi da tabbas. Idan wanda ya cike takardar ya rasu, takardar ta faɗi, sai dai a roƙi alfarmar a farfaɗo da ita. Ɗan mai girin kad da ya yi aure yana cikin layi, shi ma tasa ta faɗi. Ga kuma sauyin gwamnati: a farkon 2020 an dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya har zuwa Janairun 2021, a Yunin 2025 kuma Chadi da Sudan suna cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa.

Gyara ba abu ne da ya gagara ba. Ƙwararrun ma'aikata masu bizar H-1B doka ta yarda su zo na wucin gadi alhali suna neman zama na dindindin, ba a kama su da laifin niyya biyu. Dangi ma an taɓa yi musu irin wannan sassauci: a ƙarshen 2000 majalisa ta ƙirƙiro bizar V, wadda ta ba mata da ƙananan 'ya'yan masu girin kad da suka shekara uku suna jira damar shigowa su ƙarasa jiran tare da iyalinsu. Sai dai an taƙaita ta ga waɗanda aka cike wa takarda zuwa ranar 21 ga Disamban 2000, kuma majalisa ba ta matsar da wannan rana ba har yau.

A nan za mu dakata. Mu kwana lafiya.