Damuwar Tsufa da Ƙananan Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Mutum ya haura sittin bai taɓa sanin ciwon damuwa ba, sai kwatsam ya daina hira, tafiyarsa ta yi nauyi, tsara aikin gobe ma ya gagare shi. Iyali kan ce ai tsufa ne. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun daɗe suna zargin jijiyoyin jini.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai farin sashe, wato zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ɓangarorinta, kowane a lulluɓe da wani kitse kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Ƙananan jijiyoyi ne ke shayar da shi jini. Idan hawan jini, ciwon suga ko shan taba suka daɗe suna cin su, sai su ƙanƙance, lulluɓin ya lalace, saƙo ya riƙa jinkiri. A hoton MRI wuraren kan fito kamar tabo fari tas.

A 1997 George Alexopoulos da abokan aikinsa a Amurka suka kawo hasashen cewa irin wannan lahani, musamman a hanyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da cikinta, yana iya haddasa damuwa ko ya hana ta warkewa. Masu irin wannan damuwar sun fi fama da kasala da jinkirin tunani fiye da zargin kai, kuma sau da yawa magungunan damuwa ba sa yi musu aiki sosai.

Sai dai akwai abin dubawa. Binciken Rotterdam a Holan ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90, kuma kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ba su da tabon ko kaɗan. Ke nan tabo shi kaɗai ba ya sa damuwa. Inda ya faɗa da yawansa ne abin lura, ga kuma kaɗaici da rashin abokin zama. Ita ma damuwar tana rama wa jijiyoyin, domin mai ita kan bar shan magani da motsa jiki.

Gwajin SPRINT MIND na Amurka, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa waɗanda aka yi ƙoƙarin saukar da hawan jininsu ƙasa da 120 tabonsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka tsaya musu a 140 ba. A Najeriya da Nijar, inda MRI ke da tsada kuma sai a manyan birane, awon hawan jini kam ana yin sa har a kemis na unguwa.